Mai Kamun Ƙafar Masu Tirela

A layin sayen kofi na majalisar dokokin Ostiraliya da ke Canberra suka haɗu, wata safiya ta Yuli mai sanyin da ke ratsa ƙashi. Marnie Halloran ta ɗauki kofin da aka ajiye, ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Nawa ne fa," in ji saurayin da ke bayanta. "Amma tunda kin sa baki, na bar miki."

"Wannan ai sukari ne aka ɗiga wa kofi."

Tana dariya idonta ya sauka kan katin da ke wuyansa, sai dariyar ta ɗauke. Anton Vella. Ta san sunan. Aikinsa kamun ƙafa, yana bin 'yan majalisa ofis-ofis a madadin ƙungiyar masu tirela. Ita kuwa mashawarciyar wata Sanata ce kan sufuri, kuma da hannunta ta rubuta ƙudirin da zai hana direba daɗewa a kan sitiyari bai yi barci ba. Don a kashe ƙudirin nan ake biyan Anton.

"Ashe kai ne maƙiyin namu."

"Litinin zuwa Juma'a kawai, ranki ya daɗe. Asabar ina hutu."

Asabar ɗin kuwa ta same su a bakin tafki suna cin kifi da soyayyen dankali. Suka yi alkawari ba mai kawo zancen aiki. Tana kiransa Maƙiyina, yana kiranta Marn. Kafin sanyi ya wuce, ba wanda ke iya yini bai ji muryar ɗan'uwansa ba.

Da ta kai shi gidansu a garin Dubbo, mahaifinta Des bai karɓi hannun da Anton ya miƙa masa ba.

"Ta gaya maka yadda yayanta Kieran ya mutu?"

Anton ya girgiza kai.

"Direban tirela ne barci ya sace, ya hau kansa. Da takalmi na gane ɗana. Kai kuma abincinka ke nan, hana direbobi barci." Ya juya ga 'yarsa. "Kin kyauta, Marnie."

Suka shiga mota suka koma Canberra.

Sai ga wata masifar. Gyare-gyaren ƙudirin da Sanata ke ɓoyewa har ranar ƙuri'a suka faɗa hannun masu tirela. Gareth, abokin aikin Marnie da ya daɗe yana binta tana ƙi, ya raɗa wa Sanata da wa Marnie take fita. A ranar aka karɓe katinta, aka sallame ta daga aiki. Ƙudirin ya faɗi.

Saƙonta ya shigo wayar Anton: "A ɗakinka na bar kwamfutata ran Lahadi. Ka ci nasara. Kada ka sake nemana."

Ya mayar mata: "Marn, ban taɓa kayanki ba. Amma na ga takardun a teburin maigidana, na yi amfani da su, ban tambayi inda suka fito ba. Wannan laifin nawa ne, ba zan musa ba."

Ta tattara kayanta ta koma Dubbo, ta kama aiki a wani shagon magani, ta rame har mahaifinta ya fara tsorata.

Anton ya yi ta bin diddigi har ya gano daga ofishin wani Sanata daban takardun suka fita. Ya ajiye aikinsa, ya faɗi komai a gaban kwamitin majalisa, har da yadda kamfanoni ke matsa wa direbobi. Sunan Marnie ya wanku, amma an riga an ba wani kujerarta, ƙudirin kuma bai dawo ba. Shi ma ƙofofin Canberra suka rufe masa. Waɗanda ya saba cin abinci da su suka daina ɗaukar wayarsa.

Ya je Dubbo ya same ta tana rufe shago.

"Ba ni da aiki, ba ni da kati, ba wanda ya san ni. Har yanzu ni maƙiyi ne?"

"Ka rame," ta ce, sai kuka ya ƙwace mata.

"Ki aure ni, Marn."

"Baba fa?"

Des ya saurare shi a tsaye a bakin gareji. "Abin da ka yi bai dawo mini da Kieran ba, yaro. Amma ba zan binne ɗaya, in zuba ido ɗayar tana ƙarewa ba."

Aka ɗaura auren a wata ƙaramar coci, mutane ba su cika benci uku ba. Des ya rako 'yarsa har gaba, bai yi murmushi ba, bai kuma saki hannunta da wuri ba.

Da ango da amarya za su kama hanya, ya zagaya motar yana duba tayoyi, sannan ya sunkuyo ta tagar Anton ya dafa kafaɗarsa.

"Allah ya yi muku albarka. In ka ji gajiya ka tsaya, ɗana. Kuna isa ku kira ni."