Shafin Baya na Littafin Bodil

Ranar da Ammon Fackrell ya fara ganin Tessa Yorgason, tsaye take a ƙofar gidan kakarta, ta tokare hanya da hannu tana tambayarsa wa ya aiko shi. Ya ce daga ɗakin ajiye tsofaffin takardu na jami'a yake, can arewa, kuma kakar tata, tsohuwa LaRue, ce da kanta ta yi musu waya. Ta dube shi tun daga takalmi har tabarau, ta ce ko bai faɗa ba, da gani ka ga gara mai kwana cikin takarda. Sunan nan bai sake barinsa ba. Shi kuwa bawan Allah, maimakon ya ji haushi sai ya tsaya yana murmushi, har ta ce ya shigo kada ƙuda ya riga shi.

Cikin abin da tsohuwar ta miƙa masa har da littafin Bodil. Mu nan kwarin Sanpete kusan kowane gida yana da tarihin wani kakansa da ya rubuta da hannunsa, amma na gidan Yorgason daban yake. Bodil, kakar kakanninsu, ta baro Denmark, ta turo amalanke da ƙafa har ƙasar nan, da ta tsufa ta rubuta duk abin da ta gani, ta bar shafukan baya babu komai. Tun daga kan 'ya'yanta, duk wanda ya yi aure a dangin sai an kawo littafin wajen walima, ango da amarya sun sa hannu a can baya. A wurinsu auren da bai shiga littafin Bodil ba, da sauransa.

Ammon ya tambayi tsohuwar ko 'ya'yanta sun sani. Ta ce laimar ɗakin ƙasa, wanda ke ƙarƙashin gidan, tana cin littafin tana kallo, kuma ita ba ta neman izinin waɗanda ta yi wa tsarki. Ta sa hannu a takardar kyauta, Tessa tana tsaye.

Kafin ya isa gida saƙon Tessa ya shigo wayarsa: “Gara, ka lallaɓa min kakata Bodil. In ka cinye mata shafi ɗaya sai na biyo ka.”

Ya mayar mata: “To bari in cinye ɗaya, ko zan samu ki biyo ni.”

Daga nan fa hanya ta buɗe. Duk Asabar yana kan titi zuwa wurinta, su sha askirim, ranar Lahadi ya zauna kusa da ita a coci, tsofaffin mata suna taɓa juna da gwiwar hannu. Mutum ɗaya ne bai taɓa ɗaga kai ya dube shi ba, wato mahaifinta Verl, mai kiwon talo-talo, wanda matarsa ta rasu ta bar shi da Tessa kaɗai a gida. Tun makon da littafin ya tafi ya yi wa mahaifiyarsa LaRue magana, ta wanke shi tas, ya haɗiye. Ba a faɗa da uwa, sai ya tattara fushin ya ajiye wa yaron. Da sanyi ya shigo LaRue ta rasu cikin barcinta, babu sauran mai taka masa birki.

Ammon ya je neman aure yadda ake yi, da farar riga da nektai. Ya tarar da Verl a rumfar talo-talo, ko zama bai ba shi ba. Ya ce an yaudari tsohuwa an ƙwace musu gado, kuma shi magana ɗaya gare shi.

“Ka dawo da littafin, ka ɗauki yarinyar. Ba littafi, ba aure.”

Ammon ya yi bayanin cewa abin da aka ba ɗakin ajiya kyauta ba ya fita, ko shugabansu ba shi da ikon bayarwa. Verl ya ci gaba da zuba abinci kamar da bango ake magana.

Tessa ta kai munzalin da za ta iya aure ba da yawun kowa ba, kowa ya san haka. Amma ta ce ba za ta shiga haikali, babban ɗakin ibadarmu, a ɗaura mata auren duniya da lahira ba, uban da ya riƙe ta shi kaɗai yana zaune a gida da ɓacin rai. Ana cikin haka sai ga Bridger, ɗan maƙwabcinsu, ya dawo daga aikin bishara da sabon kwat da baki mai zaƙi. Kullum Lahadi yana teburin Verl, yana cin dankali yana cewa da shi ke aiki a ɗakin ajiyar, da tuni littafi ya shige ƙarƙashin riga. Abin haushi, Verl har dariya yake masa.

Maganar ta shiga kan Tessa. Ta rubuta: “Gara nawa, kwana ɗaya kacal. Ka fito da shi Baba ya gani, mu sa hannu, ka mayar. Wa zai sani?”

“Ni zan sani, Tess. Kakarki a hannuna ta sa shi. Ki tambaye ni komai ban da wannan.”

“Ashe takarda ta fi ni. Sai ka aure ta.”

Ya kira har ya gaji, ba ta ɗauka ba. Ranar bikin tunawa da magabata wani ya turo masa hotonta a bayan motar Bridger cikin jerin gwano, ta sa doguwar rigar matan da. Bai san Verl ne ya ɗora ta ba, kuma ko kalma ba ta ce wa Bridger ba. Ya kife wayar, ya wuni bai ci komai ba.

Wata Lahadi bayan coci Tessa ta nemi mahaifinta abinci na hucewa, ta same shi a ɗakin ƙasa na gidan kakarta da ke gefen nasu, zaune gaban akwatin katakon da littafin ya saba zama, murfi a buɗe. Ta daɗe da sanin yana sauka can duk Lahadi, ta ɗauka addu'a yake. Bai juyo ba ya ce mata a shafin baya ne Corinne, mahaifiyarta, ta fara rubuta sunanta haɗe da nasa, kuma garin rawar hannu tawada ta zuba, ta danne da babban yatsa, sawun ya zauna. A kan sawun nan yake ɗora nasa yatsan tun da ta rasu.

“Yanzu tana cikin gilashi,” ya ce, “baƙi suna juya ta da safar hannu.”

Tessa ta hau sama tana kuka, tausayinsa da kunyar kanta sun cika ta. Ta rubuta wa Ammon komai. Amsa ta zo nan take: “Ba ta cikin gilashi. Ki kawo shi, ko da faɗa.”

Da faɗan kuwa aka tafi. Verl ya ce zai je ne ya ɗauko abinsa, ya ja motarsa shi da Tessa har suka isa. A ƙofar ɗakin karatu aka ce ya ajiye hula da kwat da biro a cikin kabad, fensir kawai ake shiga da shi. Wuyansa ya yi ja. Ammon ya nuna masa famfo ya ce ya wanke hannu ya goge sosai.

Aka kawo littafin cikin sabon kwali, aka kwantar da shi a kan matashi. An gyara ɗinkin bayansa da ya rabu. Verl ya mayar da hannayensa baya, ya tambaya ina safar hannun. Ammon ya amsa masa.

“Ba a sa wa takarda safa, Ɗan'uwa Yorgason. Da hannunka za ka taɓa. Yau, da duk ranar da ka zo.”

Dattijon ya buɗe baya a hankali. Ya sami wurin ba tare da nema ba, ya ɗora yatsansa, ya rufe ido.

Da ya buɗe ido sai ya sunkuya, ya zaro biro daga cikin takalminsa, ya ajiye gaban Ammon. Muryarsa ta yi laushi. Ya ce ga fili nan ƙarƙashin sunan Corinne, su sa hannu yanzu shi da Tessa, magana ta ƙare, ya ba shi ita.

Tessa ta kama hannun rigar Ammon. Ma'aikaciyar ɗakin ta juya baya tana amsa waya, babu mai kallonsu. Abin da Ammon ya yi wata da watanni yana roƙo ga shi nan a gabansa. Ya dubi biron, ya dubi Tessa, fuskarsa ta yi fari fat.

“Ba zan iya ba. Ba a ƙara masa ko ɗigo, ba a rage masa. Ka yafe ni.”

Tessa ta saki rigar. Verl ya ƙura masa ido har yaron ya fara gumi.

“Ko don 'yata?”

“Ko don ita.”

“Bayan raina fa? In wani ya zo da biro kan shafin nan?”

“Ko jikanka ne, sai ya bi ta kaina.”

Verl ya sake duban sawun yatsan matarsa. Ya ɗauki biron ya mayar cikin takalmi, ya fyace hanci, ya ce wa Tessa wannan gara ce ta farko da ya gani mai gadin takarda, ta riƙe shi da kyau. Ita dai dariya da kuka suka haɗe mata, har ma'aikaciyar ta juyo ta sa yatsa a baki.

A hanyar fita Ammon ya gaya masa kwalin dangi ba ya rufuwa, duk abin da suka kawo sabo ana ajiye shi kusa da tsohon. Kafin su bar garin Verl ya tsaya a kanti ya sayi littafi mai bangon fata.

An ɗaura auren a haikalin garin Manti, na duniya da lahira. Wajen walima Verl ya buɗe sabon littafin, ya rubuta sunan Bodil a sama, ya miƙa musu biro. Ammon ya sa hannu. Tessa ta rubuta sunanta, sannan da gangan ta danna babban yatsanta a kan ɗanyar tawadar. Mahaifinta ya juya baya yana neman hankici.

Yanzu duk farkon wata za ka ga motarsa ta nufi arewa, kuma tun daga gida yake wanke hannu. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya cika shafukan nan da sunayen jikoki.