Taku Bakwai Daga Bango

"Abba, don girman Allah ka ajiye gatarin nan!"

Auta ta sha gaban darbejiyar, ta jingina bayanta da ita.

"Matsa ki ba ni wuri kafin ranki ya ɓaci!"

Ba ta matsa ba. Yo ina za ta matsa? Shekara uku ke nan da Mai Dashe, wani saurayi mai sana'ar dashen itatuwa, ya kawo bishiyar nan 'yar firit a leda. A lokacin, da la'asar ta yi ɗakin Umma ya koma tanda, esi mai sanyaya ɗakin na ta gurnani, mitar wuta na cin kuɗi kamar gara. Mai Dashe ya zaɓi yammacin gidan, ya fara ƙirga taku daga bango.

"Malam, dashe za ka yi ko fareti?" Auta ta tsokane shi ta taga.

"Taku bakwai, ranki ya daɗe. Inuwa ta kai ɗaki, saiwa ba ta kai gini ba."

Daga nan zance ya ƙullu. Yanzu inuwa ta rufe tagar Umma, daga azahar ake kashe esi, ranar Asabar kuma dangin Mai Dashe za su zo neman auren Auta. Sai ga bango ya wayi gari a tsage!

"Saiwa ce, ranka ya daɗe," in ji Mai Sanyi, wanda ya haɗa musu esin, wanda kuma sau biyu Auta tana cewa ba ta son shi. Yana tsaye bayan Abba, sai zuga yake. "Na sha gani. Da gida za ta tafi gaba ɗaya."

Munafuki! Auta ta ji kamar ta shaƙe shi.

"Wanda ya rushe min gida tun bai shigo ba, shi zan bai wa 'yata?" Abba ya daka tsawa. "A gaya wa mutanensa kar su zo!"

"Abba..."

Kukanta ne ya ƙwace. Daidai nan Mai Dashe ya shigo da shebur a kafaɗa, duk ya haɗa gumi, don ita ta kira shi a waya. Ya durƙusa har ƙasa.

"Abba, a ba ni izini in haƙa gindin bangon. In aka ga saiwa ko tsawon ɗan yatsa, ni zan sare ta da hannuna, kuma ba za ka ƙara ganin ƙafata a layin nan ba."

Auta ta matso kusa da shi.

"Masoyi, kar ka yi wannan alkawarin..." ta raɗa masa.

"Kwantar da hankalinki, sanyin idona. Na ƙirga takuna."

Abba ya nuna masa bangon da baki.

Shebur na farko, busasshiyar ƙasa.

Na biyu, damshi.

Na biyar, sai taɓo ya fara cin ƙafarsa, alhali wata huɗu ko yayyafi ba a yi ba. Ya zura hannu har gwiwa yana lalube. Auta ta runtse ido.

"Babu saiwa, Abba. Amma ga ruwa."

Ya bi damshin da hannu har bayan akwatin esi, ya zaro wani guntun tiyo da aka cusa a jikin ginin.

Ɗis... ɗis... ɗis...

"Kamata ya yi tiyon nan ya kai magudana. Shekara nawa yana jiƙa tushen bangon?"

Abba ya juya a hankali. Mai Sanyi ya fara shafa ƙeya.

"Ai... ai tiyon ne bai isa ba a lokacin, na ce zan dawo..."

"Fitar min daga gida!"

Mai Sanyi ko jakar kayansa bai tsaya zugewa ba.

"Ni dai a bar min inuwata," muryar Umma ta fito ta taga.

Abba ya daɗe yana kallon gatarin, kunya ta kama shi. Can ya jingine shi, ya dubi Mai Dashe.

"Kai, tashi, ka yafe ni. Ɗakina ma rana na dukansa. In mutanenka za su zo ranar Asabar, ka taho min da dashe guda ɗaya."

Auta ta rufe fuska, dariya da hawaye suka haɗe mata. Da ta buɗe ido, sai ta hango Abba ya tattare riga, ya kafa dunduniya a jikin bangon ɗakinsa.

"Ɗaya... biyu... Nawa ma ka ce, surukina?"