Yatsu Uku a Kan Kwamfutar Baba

Ranar da mai gyara ya fara ganin Auta, saura kaɗan kwamfuta ta fasa masa ƙafa. Ta shigo shagonsa rungume da ita, ta dire ta a kan tebur da ƙarfi har sukurori suka watse a ƙasa.

"Ta Babana ce," ta ce tana haki. "Minti ashirin take yi kafin ta tashi. Ko ka gyara ta, ko in jefa ta kwata."

Ya kalli kwamfutar, ya kalli mai ita, ya sake kallon mai ita. Da ƙyar ya tuna aikinsa ya kunna. Manhajar da ke tafiyar da ita ta sata ce, cike da cuta, irin wadda mai sayar da faifai na bakin layin su Auta ke sa wa mutane.

"Akwai wata manhaja buɗaɗɗiya," ya ce. "Kyauta ake ba kowa, duk wanda ya iya sai ya leƙa cikinta ya gyara. Ba ta da nauyi. Da ita tsohuwar nan za ta koma budurwa."

"Baba zai iya da ita? Da yatsa biyu yake buga takardun mutane, shekara ashirin ke nan."

"Ko jariri zai iya."

Nan ya yi ƙarya, ba da niyya ba. Ciwon masu sana'a ke nan, abin da hannunsu ya saba sai su ɗauka da shi aka haifi kowa. Ranar dai share cutar kawai ya yi, ya karɓi lambarta wai don ya ji ko ta sake tsayawa.

Wata huɗu yana tambayar lafiyar kwamfuta.

"Sanyin idona, yaya tsohuwa ta tashi yau?"

"Lafiya ƙalau, Injiniya. Ni kuma ba a tambaye ni ba."

"Ke ai a zuciyata kika kwana, na san yadda kika tashi."

Da ya aika manya, Baba ya ƙi. Shi Baba mai faifai ya sani, wanda ya daɗe yana zuwa gaisuwa da durƙuso har ƙasa, idonsa yana kan Auta. Mai gyara ya rasa ta inda zai shiga zuciyar tsohon, sai dabara ta zo masa, irin dabarar da so ke kawowa. Ya lallashi Auta ta kawo masa kwamfutar ranar da Baba bai buɗe shagonsa ba. Ya kwashe duk abin da ke ciki ya adana, ya sa sabuwar manhaja, ya mayar da komai cikin folda guda. Ya so Baba ya kunna da safe ya ga ta tashi kamar walƙiya. Bai tambaye shi ba, bai kuma nuna wa kowa inda ya ajiye kayan ba.

Abin da bai sani ba, a kusurwar hagu ta sikirin akwai folda da Baba ke buɗewa kowace safiya kafin ya taɓa aikin kowa. Hotunan marigayiya mahaifiyar Auta ne a ciki, da muryarta ta minti biyu da ta rage a duniya.

Baba ya kunna. Launi ya canza, maɓallai sun canza wuri, kusurwar hagu wayam. Ya danna nan, ya danna can. Auta ta karɓi linzamin, ita ma ta lalube ba ta ga komai ba. Mai faifai ya leƙo, ya kalli sikirin sau ɗaya, ya girgiza kai kamar mai ta'aziyya.

"Baba, sai haƙuri. Wannan idan ta shiga, cinye komai take yi."

Mai faifai ya san ƙarya yake yi. Amma manhajar kyauta ta fara kashe masa kasuwa, ga kuma Auta.

Saƙonta ya iske mai gyara yana ɗauke da murmushi, yana jiran yabo.

"Ka kashe min uwa karo na biyu. Kada ka ƙara kirana."

Da gudu ya iso. Bai gama sallama ba Baba ya fizge kibod ya rafka masa a goshi, maɓallai suka tarwatse, jini ya sauko masa har cikin ido. Ya buɗe baki zai ce komai yana nan, yayan Auta mai walda ya shaƙo wuyan rigarsa ya jawo shi titi. Ya naushe shi a baki, ya naushe shi a ciki, ya kayar da shi cikin ƙura ya bi shi da takalmi. Mutane suka taru suna ba da haƙuri daga nesa, don kowa ya san zuciyar mai walda.

"Da wane hannu ka taɓa ta?"

Ya taka masa hannun dama a kan dakalin siminti, ya ɗaga guntun rodi. Auta ta yi kururuwa ta rungume yayanta ta baya, ya yi jifa da ita ta bugi ƙofa. Rodin ya sauka sau biyu. Mai gyara ya ji ƙarar ƙashinsa kafin ya ji zafin.

Yatsu uku aka ɗaure masa a asibiti. Yana kwance, leɓe a kumbure, ba dukan ne ya fi ci masa rai ba. Kalmar nan ce da ya faɗa, wai ko jariri zai iya. Da babban yatsan hagu ya rubuta mata, harafi ɗaya bayan ɗaya.

"Auta, ban goge komai ba. Muryar Mama tana nan. Laifina ɗaya, na canza wa Baba ɗakinsa ban tambaye shi ba, ban kuma nuna masa ƙofa ba. Ko ba za ki aure ni ba, ki bar ni in mayar masa."

Sai da rana ta karkata amsa ta zo.

"Idan ƙarya kake, Yaya zai ƙarasa ka. Idan gaskiya ne, ban san da wane ido zan kalle ka ba. Ka zo gobe."

Ya zo, hannu rataye a wuya. Mai walda ya tare ƙofa, Baba ya ɗauko sanda daga bayan kujera.

"Baba, ku dake ni in kun gama," ya ce. "Amma ku fara zama. Ni ba ni da hannun taɓa ta, ku za ku yi da kanku."

Tsohon ya daɗe yana kallon bandejin. Ya zauna, sandar a kan cinyarsa.

"Ku kai kibiyar sama, inda hoton gida yake. Ku danna sau biyu."

"Ba ta yi komai ba."

"Kun yi jinkiri tsakani. Da sauri, kamar kuna ƙwanƙwasa ƙofa."

Sau huɗu Baba yana gwadawa, yana zagin kwamfutar da wanda ya ƙera ta. A na biyar ta buɗe. Ga foldarsa, da sunan da ya sa mata da kansa. Ya danna, muryar mace ta cika shagon, tana dariya tana cewa a kashe abin nan, ita ba ta shirya ba.

Sandar ta zame ta faɗi. Auta ta toshe bakinta tana kuka. Mai walda ya juya ya nufi bakin layi. Kafin a kai gare shi ya kife teburin mai faifai, ya tattake faifan, ya haɗa kan mutumin da bango har haƙori ya fita. Sai da maza huɗu suka riƙe shi. Baba ya fito ya wanka wa ɗansa mari a gaban jama'a.

"Jiya ka karya marar laifi, yau kana neman kisa. Hannunka ba ya tambaya ne?"

Suka koma ciki. Baba ya ce tunda abin sauƙi ne, a fitar masa da takarda ɗaya. Firinta ta ƙi. Dole aka buɗe wata baƙar taga, mai gyara yana faɗin haruffa, Auta tana bugawa, kuskure ɗaya a sake daga farko. Rabin awa suka yi kafin takarda ta fito.

"Wannan ce ka ce wa 'yata jariri zai iya?"

"Na yi kuskure, Baba. Rubutu da hotuna za ku iya cikin kwana biyu. Irin wannan kuwa sai da wani a kusa."

"To sai ka zauna a kusa," in ji tsohon, yana goge ido da hannun riga.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Yatsu biyu sun warke, na tsakiya ya kafe a lanƙwashe, likita ya ce haka zai zauna. Mai gyara bai ƙara riƙe ƙaramin sukudireba da dama ba, da hagu ya koya daga farko, Auta tana riƙe masa sukurori tana yi masa tsiya. Mai walda da kansa ya ƙera musu gado da ƙofa, ya kawo, ya kasa haɗa ido da angon.

Da za su tafi gidansu, Baba ya kama hannun surukinsa ya juya shi, ya daɗe a kan yatsan nan.

"A ƙofata aka yi maka wannan, kuma ni na fara," ya ce. "Ka yafe mana."

"Na yafe tun a asibiti, Baba."

Tsohon ya ɗora hannun 'yarsa a kan karyayyen hannun, ya rufe su da nasa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai tambaya kafin ta ɗaga hannu."

Auta ta ce amin, ba ta saki yatsan ba har suka shiga mota.