Numfashi Sittin da Biyu

Amarya, kamar yadda har yau ake kiranta, tana zaune a bakin gado ta ɗage rigar ɗanta mai wata biyar, tana kallon ƙirjinsa tana kallon agogon waya. Nas ɗin asibiti ce ta turo musu bidiyo a guruf ɗin masu shayarwa: in numfashin jariri ya wuce hamsin a minti ɗaya, a garzaya da shi.

Sittin da biyu! Ta sake ƙirgawa, bai sauka ba.

"Inna, don Allah zo ki gani," ta kira surukarta.

Inna ta taɓa goshinsa ta taɓe baki. "Mura ce. 'Ya'ya bakwai na raina ba waya. Yau kuma numfashi ake ƙirga wa mutum?"

Mijin Amarya tela ne, ya shigo cin abincin rana da zare a kafaɗa. Shekara uku ya yi yana zarya kafin a ba shi ita, amma a gaban Inna bakinsa mutuwa yake yi.

"Yaya, wallahi abin nan siriyos ne!" Amarya ta ce wa mijin.

"Haba tawa, kin fi Inna sani ne? Wayar nan ke firgita ki. Ajiye ta, mu ga gobe."

Abin takaicin shi ne ta ajiye. Ta ce a ranta ƙila ita ce ba ta iya ƙirga ba, ita da ko sakandare ba ta gama ba.

Washegari da hantsi leɓen yaron ya yi duhu. Suka kwasa a guje. Likita ta yi iya yinta, kafin yamma rai ya yi halinsa.

"Da jiya kuka kawo shi..." in ji likitar.

Iyayen Amarya suka ce ta tattaro kayanta. Mijin ya durƙusa gabanta yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Kin faɗa min, na toshe kunne. Ki yafe min."

"Ni ma na sani na yi shiru, Yaya. Wa zai yafe min?"

Ta yi haƙuri ta zauna. Bayan shekara biyu Allah ya ba su 'ya mace, kuma yanzu in ta ce asibiti, Inna ce ke fara jawo mayafi.

Uwa, in kin koya kuma kin gani da idonki, kada kunyar kowa ta rufe miki baki. Amarya ta samu zaman lafiya, amma har yau in ta ga sa'annin ɗanta suna guje-guje a ƙofar gida, sai ta shige ɗaki ta turo ƙofa.