Tsutsotsin Dakta Lucia Sun Daina Haihuwa

Kai ma ka taɓa gani a ofishinku. Abu ya lalace, aka damƙe wanda ba shi da kowa, ka sunkuyar da kai kan wayarka. To, saurara.

Ranar Talata aka kira Sufeto Fadima wata cibiyar bincike a Abuja. Ta tarar da Ɗanjuma mai janareta, mutumin Kurudu, tsugune a bakin ƙofa da takardar kora a hannu. Shugaban sashen, Farfesa Zacharias, yana so a tafi da shi.

"Ya bar wuta ta ɗauke, aikin shekara huɗu ya tashi a banza," in ji Farfesa.

"Oga, wallahi injin bai tsaya ba."

"Rufe mini baki."

Mai binciken, Dakta Lucia Yamusa, ta kasa zama. Ta nuna wa Sufeto farantan roba cike da tsutsotsin da sai da madubin ƙara girma ake ganinsu.

"Ai ga su suna motsi," in ji Sufeto.

"Suna motsi, amma sun daina haihuwa. Akwai ƙwayar gado da ke sa tsutsa ta yi ƙwai. Mun rage mata ƙarfi tun suna cikin ƙwai, muna bin jikokinsu mu gani. A digiri ashirin suna haihuwa. In ya kai ashirin da biyar, zuriyar ta yanke."

Sufeto ta nemi takardar da firjin ajiye tsutsotsin ke rubuta zafinsa da kansa. Ta bi layin da yatsa. Daga Juma'a da rana zuwa Litinin, ashirin da biyar cif, ko gezau.

Ta leƙa waje. "Malam Ɗanjuma, in wuta ta ɗauke a watan Maris, zafin ɗakin nan yakan kai nawa?"

"Hajiya, ko kare ba ya zama ciki."

Ta koma ta buɗe firjin. Ɗaya daga cikin kantocinsa wayam, babu faranti ko ɗaya.

"Na wa ke nan?"

"Na Farfesa," in ji Lucia a hankali.

A ofishinsa ta samu farantansa, cikin ƙaramin firji kusa da gorar ruwa, lafiya lau.

"Yaushe ka kwashe su, ranka ya daɗe?"

"Jiya, bayan na ga ɓarnar."

Ta juya faranti. Masu wannan aiki sukan rubuta rana da wurin ajiya a gindin kowane faranti, hannu ya saba. Rubutunsa ne: Juma'a, ofis.

"Ba wuta ce ta ɗauke ba, saita firjin aka yi. Mai janareta bai san ashirin da biyar ba. Kai ka sani. Kuma ba ka iya barin naka a ciki ba."

Farfesa ya cire tabarau.

"Ta ƙi sa sunana a gaban takardar bincikenta. Shekara talatin, babu takardar da ta fita daga sashen nan ba sunana a sama. Haka aka yi mana mu ma."

"Shi fa Ɗanjuma?"

"Zai samu wani aikin."

Aka wuce da Farfesa ta gaban ma'aikata goma sha biyu. Duk sun san wannan al'ada, kuma da safe babu wanda ya buɗe baki.

Zuriyar tsutsotsin ta tafi. Takardar korar Ɗanjuma kuwa tana nan cikin fayil, don babu wanda ya nemi a janye ta.

Akwai irin wannan fayil a inda kake aiki, ka kuma san sunan da ke kansa. Gobe da safe ka je ka ce a buɗe shi.