Rabin Goro a Bayan Faifai

Ranar da Siddiƙu ya fara ganin Lantana, zagin waƙarsu take yi.

Daminar 1959 ce. Ya kawo sabon faifan ƙungiyarsu shagon Malam Sodangi, mai sayar da yadi a Ƙofar Dundaye, wanda ya ajiye garmaho don jawo masu ciniki. Samarin Gulbi ake kiran ƙungiyar, masu jita da ganga da ƙaho a Sabon Gari, shugabansu Bawa, mutum mai murya babu kunya. A gaban faifan waƙar yabon Gidaɗo ce, dillalin fatu. Gari duk ya ɗauka, don gari ba ya gajiya da jin an ce mai kuɗi mai kuɗi ne.

Malam Sodangi ya tafi sallar azahar, ya bar 'yarsa Lantana da ta kawo masa abinci tana gadin shago. Ta saurari waƙar tana yatsina fuska.

"Wanga shi na abin da kunka je har Ikko kunka yi? Riga, agogo, mota, riga kuma. Ai kayan wanki kuke lissafi."

Siddiƙu mai jita ne, ba mai yawan magana ba. Ya ce, "Juya shi."

"Bayan faifai? Can ake zuba abin da ya rage."

"Juya dai, alƙaliya."

Ta juya, ta sa sabuwar allura. Babu ganga, babu ƙaho. Jita ɗaya da muryar Siddiƙu ƙasa-ƙasa:

Na raba goro biyu, na ci rabi,
Rabin yana hannuna.
Wa zai gaya wa hannu
Mai karɓa ta tafi?

Lantana ba ta motsa ba har allura ta kai ƙarshe. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama.

"Wa ka yaba a ciki?"

"Ba kowa."

"To wa za shi ba ka riga?"

"Ba kowa."

"Wawa," ta ce, amma a hankali ta faɗa, kuma ba ta ɗauke ido daga kansa ba.

Daga nan ya riƙa zuwa zance da la'asar. Ita ta ce masa Mai Jita, kamar zagi, shi ya ce mata Alƙaliya. Duk sabuwar waƙa sai ya fara kawo mata ta yanke hukunci, kuma ba ta da sassauci.

"Wanga baitin ƙarya na. Ba ka taɓa kuka bakin gulbi ba, cire shi."

"Na cire, ranki shi daɗe."

"Na biyun bar shi. Shi ya taɓa ni."

Da baffansa ya je neman aure, Malam Sodangi bai ko shimfiɗa masa tabarma mai kyau ba.

"Ɗiyata ba ta auren maroƙi. Wanda ke ci da bakinai a ƙofar mutane, mi za shi koya ma jikokina?"

Ya kuma hana a sa bayan faifan a shagonsa. Gaba kawai, saboda Gidaɗo abokin ciniki ne, kuma shi ma ya fara aiko da kayan gaisuwa gidan. Abin da ban mamaki: mutum ya raina mai roƙo, amma ya yi ta kunna roƙon safe da yamma.

Gidaɗo bai tsaya nan ba. Ya sa Bawa ya yi masa waƙar Lantana. Bawa kuwa bai taɓa ƙirƙirar ko kukan kaza ba, sai ya ɗauki karin waƙar goro ya cusa mata sunaye. Kafin mako ya zagayo, 'yan mata a bakin rijiya na rera Lantana ta Gidaɗo, farar mota na jiranki.

Da Siddiƙu ya zo, a tsaye ta tarbe shi.

"Ashe Baba na da gaskiya. Waƙar da na yi kuka a kanta ka sayar, har da sunana a ciki."

"Ba ni na ba su ba."

"Kana wurin sanda sunka rera?"

"Ina wurin."

"Ka kaɗa musu jita?"

Ya kaɗa, baiti ɗaya, kafin kunya ta kama hannunsa ya tashi ya fita. Yana iya cewa a'a, babu mai ƙaryata shi.

"Baiti guda," ya ce.

"Ya isa," ta ce, ta shige gida.

Bai koma Samarin Gulbi ba. Ya kama aikin ɗinki wajen baffansa, jita kuwa sai in ya tashi aiki. Bawa ya riƙa cewa a Sabon Gari an rabu da mai waƙar makoki. Faifansu na gaba babu wanda ya juya shi, don babu komai a bayan.

Watanni suka wuce, Gidaɗo ya matsa a sa rana. Wata safiya Lantana tana goge ƙurar shago ta ɗauko tsohon faifan da nufin fasa shi. Sai ta tsaya. Allurar ƙarfe tana cin faifai, duk gefen da aka fi kunnawa yakan yi furfura. Gaban faifan ya tsufa, ba mamaki. Amma bayan, wanda aka hana, wanda ita sau ɗaya ta taɓa sawa, ya fi gaban tsufa. Ta tuna busassun ɓarin goro da take tsinta a aljihun mahaifinta duk ranar wanki, tun tana yarinya.

Malam Sodangi ya shigo ya same ta riƙe da shi.

"Baba, wa ya cinye bayan faifan ga?"

Ya gyara yadin da ba ya bukatar gyara. "In na rufe shago nikan ɗan zauna."

"Ka ce maroƙi na. Wa ya roƙa a ciki?"

Ya juya mata baya yana ninke yadin. Ta ci gaba:

"Wanda kake so ka ba ni, shi ya sa aka yi talla da sunana a rijiya. Siddiƙu kuwa ya yi kuskuren baiti guda, kuma da bakinai ya faɗa min, alhali yana iya ɓoyewa."

"Kin yafe mai?"

"Tun ranar. Ban dai gaya mai ba, don shi ɗan ji jiki."

Washegari aka aika Siddiƙu ya zo. Ya durƙusa a bakin shago, kansa ƙasa. Malam Sodangi ya daɗe yana kallonsa.

"Yaro, kai da ba ka taɓa aure ba, ina ka san wagga magana?"

"Wajen mahaifina na gani, Baba. Har ya rasu bai daina miƙa hannun ba."

Dattijon ya ciro goro daga aljihu, ya raba shi biyu, ya kai rabi baki. Hannunsa ya tsaya a sama kamar yadda ya saba tsayawa. Sannan ya miƙa wa Siddiƙu.

"Karɓi. Ka ce ma baffanka shi dawo."

An ɗaura aure a makon da aka samu 'yancin kai. Bawa da jama'arsa suna can filin biki suna yabon duk wanda ya sa babbar riga, Gidaɗo kuwa ya zaga gari da motarsa babu kowa a ciki sai shi. A Ƙofar Dundaye malamai suka yi addu'a, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ta gari, aka shafa.

Da aka kai amarya, Siddiƙu ya ce, "Na yi sabuwar waƙa, Alƙaliya."

"Akwai sunana a ciki?"

"Babu."

"To rera, Mai Jitana. In da ƙarya, zan ji."