Baƙon da Aka Cire

Ranar Laraba ce. Hadari ya haɗu tun la'asar, ruwa ya ƙi sauka.

Shi tela ne, amma Darakta ake ce masa. Kullum da yamma 'yan wasansa kan taru a tsakar gidansa. Ba sa rubuta komai. Kowa ya kawo abin da ke bakinsa, a haɗa, labari ya tashi. Dokarsu ɗaya ce: abin da ɗan wasa ya faɗa ba a ƙaryata shi, sai dai a ɗora a kai.

A wasan da suke haɗawa akwai wani baƙo, ba su sami mai fitowa a matsayinsa ba. Sai suka ajiye kujera ba kowa, suna yi mata magana. Dogo, babban ɗan wasansu, ya ce baƙon gurgu ne. Wata ta ce ba ya son haske. Su tambayi kujerar, su yi shiru suna jiran amsa. An daɗe ana haka. Ranar nan Darakta ya ce labari ya yi tsawo, a cire baƙon.

Magariba na kawo jiki, dutse ya faɗo a kan rufi.

"Tun ba mu fito ba an fara jifanmu?" in ji Dogo.

Ba wanda ya yi dariya. Dutse na biyu daga cikin ɗaki ya fito.

Auta, 'yar Darakta, ta taho tana jan ƙafa. Ta kashe fitila, ta zauna a kujerar.

"Ku ci gaba," ta ce da muryar tsoho. "Ina muka tsaya?"

Uwarta ta saka salati. Ƙarti suka kama yarinyar, ta ƙi ɗaguwa. Ta kwana a nan, ta wuni, ko ruwa ba ta sha ba. Aka ɗauko malam.

Malam ya yi karatu har leɓenta ya fara rawa. Ya ce, "Kai wane ne?"

"Tambayi tela. Ina wucewa na ji ana ta tambayata. Suka ba ni ƙafa, suka ba ni hali, na zauna. Yanzu a farke ni kamar ɗinki?"

"Wasa ne!" in ji Darakta. "Babu wani baƙo!"

Wuyan Auta ya sandare, numfashinta ya tsaya. Dogo ya damƙi hannun uban. "Kar ka ƙaryata shi, Darakta."

Malam ya ce, "Me kake so?"

"Sallama. Sun shigo da ni, ba su yi mini hanyar fita ba."

Malam ya rantsar da shi ba zai dawo ba. Ya juyo. "Tela, wannan aikinka ne."

Darakta ya durƙusa gaban 'yarsa. "Baba, mun gode da ziyara. Mutanenka sun aiko, suna jira a bakin hanya."

"Da wannan ƙafar?"

"Ga sanda."

Babu komai a hannunsa. Auta ta karɓa. Ta miƙe, ta dogara a kan iska da duk nauyinta, ta ɗingisa har bakin ƙofa. Nan ta zube a jikin uwarta tana kuka da muryarta. Ƙarar sandar kuwa ta ci gaba a titi, ƙwas, ƙwas, har ta yi nisa.

Da safe Darakta bai buɗe shago ba. Ya raka Auta makaranta da kansa, ya tsaya jikin taga, sai da ya ji an kira sunanta ta amsa sannan ya juya.